Gyaran da Na Ɓoye wa Nura

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da ranar da na tara mutane da hannuna don su kalli yadda zan sha kunya.

Ina koyar da kwamfuta a wata makaranta a nan Kaura Namoda, kuma na shiga wani ayarin masu haɗa manhaja ta kyauta, irin wadda kowa a duniya zai iya buɗe cikinta ya gyara. Aikinmu shi ne a kunna kwamfuta ta gaibu a cikin kwamfutar gaske, a kunna wata a cikin ta biyun, kamar setin samira, ƙarama cikin babba. Matsalar da ta addabi kowa a lokacin ita ce ta can ƙuryar, ta ukun, da zarar an ɗora mata aiki sai ta sanƙare. An kuma ce ana neman wanda za a damƙa wa kula da wannan sashe. Na sa wa muƙamin nan rai ba kaɗan ba.

Dokar ayarin ɗaya ce, kuma wata injiniya 'yar Indiya da ke raba mana aiki ta sha nanata ta: kafin ka taɓa wani sashe, ka sanar a zauren imel, don kada mutum biyu su yi ta wahala a kan abu ɗaya. Ni kuwa a gidanmu ko tafiya Gusau za ka yi ba ka faɗa sai ka dawo, saboda baki. In fito gaban mutanen duniya in ce ga abin da zan yi? Allah ya kiyaye. Na ja bakina na tsuke, na ma daina buɗe saƙonnin zauren gaba ɗaya, wai kada a raba mini hankali.

Ba ni kaɗai ba ne ɗan Zamfara a ayarin. Akwai Nura, abokina na Shinkafi, tare muka yi karatu. Mun haɗu a wani suna a Zurmi, muna cin waina, ya ce, "Aboki, mi kaka taɓawa yanzu? Ni sanƙarewar ga ta ciki nika son in duba. Mu haɗa kai mana."

Na gyara hula na ce, "Haba Nura, wanga aiki ya fi ƙarhinmu. Bar ma Turawa kayansu." (A lokacin na yi watanni ina kansa, har ramewa na yi.)

Na ci gaba da fama, ina rubutu ina gogewa, kwamfutar ciki tana sanƙarewa abinta. Sai wata safiya na kunna, na ɗora mata aiki, ta ɗauka. Na ƙara mata, ta ɗauka. Na yi sujadar godiya a tsakiyar ofis. Ban tsaya na tambayi kaina wane layi ne cikin abin da na rubuta ya yi maganin ba, wanda ya ci nasara ina ruwansa da tambaya.

Nan fa ɓoyo ya ƙare, sai shela. Ranar taron ayarin da ake yi ta bidiyo, na gayyaci shugaban sashenmu na makaranta, dattijo ne mai son a ga sunan makaranta ya fita waje. Na gayyaci malamai da ɗalibai, na aro majigi, na sa aka tayar da janareta, na sayo lemo da tsire. Na sa babbar riga (don in yi magana da mutanen da yawancinsu ke sanye da singileti a ɗakunansu).

Da aka zo kaina na yi bayani da Turancin da na kwana biyu ina wasawa. Na kunna ta farko, na kunna ta biyu a cikinta, na kunna ta uku, na ɗora mata aiki. Ta tafi sumul. Ɗalibai suka yi tafi, shugaba ya ce, "Masha Allah!"

Injiniyar ta ce cikin ladabi, "Da kyau. Don Allah cire gyaran naka, ka sake gwadawa mu gani."

Na juya ga jama'a ina murmushi na ce, "Yanzu za ku ga yadda take kahin in sa mata hannu. Ku lura, sanƙarewa za ta yi." Na cire gyarana kaf, na sake kunnawa.

Ba ta sanƙare ba. Wallahi har sauri ta ƙara.

Ɗalibai, da ba su san dawan garin ba, suka sake yin tafi. Injiniyar ta ce abin da ta zata ke nan. An riga an gyara matsalar makonni da suka wuce, a manhajar kwamfutar gaske aka yi gyaran, kuma tawa ta sabunta kanta ta ɗauko shi ban sani ba. An sanar a zaure, an tattauna, an gwada, kowa ya gani sai ni. Abin da na kwashe watanni ina rubutawa nauyi kawai yake ƙara wa injin. Ta ce, "Ai wanda ya yi gyaran ɗan ƙasarku ne, yana nan tare da mu."

Wani ɗan akwati ya buɗe a jikin bango, ga fuskar Nura ƙatuwa a majigin da na aro da kaina. Ya ce, "Salamu alaikum, aboki. Ashe kana ciki? Da ka hwaɗi ai da tare munka yi." Babu gori ko kaɗan a muryarsa, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Shugaba ya matso kusa da kunnena ya ce, "Malam, ni ban gane ba. Mun ci ko ba mu ci ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, Zamfara ta ci." Ya dube ni, ya dubi Nura a bango, ya ɗauki tsirensa ya fita.

A taron nan aka ba Nura kula da sashen, ina ji ina gani, da babbar rigata. Tun daga ranar na gane cewa aikin da ka ɓoye don kada a yi masa baki, ka ɓoye shi ne har ga mutumin da zai gaya maka aikin banza kake yi. Yanzu ko waƙafi zan gyara sai na sanar a zaure. Aikin farko da Nura, sabon mai kula da sashen, ya ba ni kuwa shi ne in rubuta wa sababbin shiga bayanin yadda gyaransa yake aiki, kuma sai da ya dawo mini da shi in sake.