Rasuwar Shuɗiya a Giya ta Biyu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har wuya, tsohon malamin tuƙi, wanda unguwa ta fi sani da Baba Giya, yana sanar da 'yan uwa, maƙwabta da tsofaffin ɗalibansa rasuwar motarsa, Shuɗiya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan hawan da ke shiga babban titi, bayan shekara ashirin da shida a hannunsa.

Marigayiya mota ce mai kawaici. Ɗaruruwan 'yan koyo sun wahalar mata da kuloci, sun kashe ta a tsakiyar mahaɗa, ba ta taɓa riƙe kowa a zuciya ba. Ba ta da wani ƙarfin a zo a gani, amma wanda ya san lokacin da take son a sauya mata giya, sai ta ba manyan motoci kunya a gaban danja. Ka yi gaggawar sauyawa, ta yi maka "kur-kur-kur" kamar tsohuwa mai mita, ta ƙi ja. Ka bar ta har muryarta ta buɗe ta ce "wuuum", ka saka ta gaba a daidai wannan gaɓar, sai ka ji kujera ta turo bayanka. Idan ka wuce nan kuwa muryar takan sirance, wannan kuka ne, babu sauran gudu a ciki.

Akwai agogo a gaban sitiyari mai nuna juyin inji, da jan layi a ƙarshensa. Tun makon da ya saye ta Baba Giya ya liƙe shi da baƙin salatif. "Kai, ɗauke idonka daga nan," haka yake ce wa ɗalibi. "Saurare ta, ita za ta gaya maka." Da wannan ya yi suna, ya kuma yi alfahari da shi har ya wuce gona da iri.

Bayan ya daina koyarwa uwar 'ya'yansa ta rasu, yara suka watsu garuruwa, gidan ya yi masa girma. Kullum da safe yakan fito da Shuɗiya ba don zuwa ko'ina ba, su hau titi, su bi giya ɗaya zuwa biyar, su dawo. Sau da yawa a yini guda ita kaɗai ke amsa masa.

Game da ciwon ajali, mai motar ya nemi a rubuta gaskiya: marigayiya lafiyarta ƙalau. Shi ne ba shi da lafiya. Shekara biyu ke nan kunnensa na ja baya, yana ɓoyewa. Babbar 'yarsa ta sha ce masa a waya, "Baba, cewa na yi ka je a duba maka kunnen nan," shi kuwa ya ɗora wa sabis laifi. Tsoronsa kada yara su karɓe makulli. Ɓare salatif ɗin kuma a wurinsa daidai yake da amsa laifi, don haka ya bar shi.

Ranar Talatar ya taka totur a giya ta biyu zai sha gaban wata tirela, yana jiran muryar da ya saba. Ba ta zo ba. Ya ci gaba da takawa yana jira, har ƙauri ya cika motar, ta yi wata girgiza, ta saki jiki a hannunsa. Makaniken da ya buɗe injin ya kaɗa kai ya ce, "Baba, ai wannan ta daɗe tana ihu kafin ta tafi. Ba ka ji ta ba?" Sai a maimaici na uku Baba Giya ya ji tambayar.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu da safaya, da tabon baƙin mai a ƙasan rumfar da take kwana, da direbobi bila adadin da ke cin abinci da abin da ta koya musu, ko da yake har yanzu babu wanda ya leƙo.

Za a yi mata rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga garejin makanike zuwa filin masu sayen tsofaffin ƙarafa. Motar janwe za ta ja ta a gaba, mai motar zai bi a ƙafa iyakar inda gwiwarsa ta kai shi. Daga nan zai zauna karɓar gaisuwa a gida har yamma, ya riga ya jera kujeru shida a falo. Duk wanda ya zo ya yi sallama ya ji shiru, don Allah kada ya juya. Ya buga ƙofar da ƙarfi. Yana ciki.