Aikin Sirri na Ferezidan Badaru

Idan ana lissafa manyan mutanen da Allah ya albarkaci unguwar New Bell da su, dole a fara da Alhaji Badaru. Shi ma da kansa yake farawa. Sana'arsa sayar da zip da maɓallai a babbar kasuwa, amma wannan aikin safe ne kawai. Aikinsa na gaskiya shi ne shugaban magoya bayan ƙungiyar ƙwallo ta Guguwar New Bell, shugabanci na har abada. An zaɓe shi ba hamayya, a wani taro da shi kaɗai ya halarta. A gabansa ana ce masa Ferezidan, wato shugaba. A bayansa kuwa Janar Usur, saboda usur ɗin alƙalin wasa da yake rataye da shi a wuya har cikin masallaci.

Bai taɓa buga ƙwallo ba. Ya ce mai tunani ba ya gudu.

Guguwa tana buga wasa a rukuni na can ƙasa, wanda in aka faɗo daga shi sai wasan unguwa-unguwa. 'Yan wasanta mahauta ne da teloli da masu bensikin, wato babur ɗin haya. Shekarun kiriz ne, wato na matsin tattalin arziki: an zabge albashi, darajar kuɗin faran ta faɗi, shinkafa ta zama abincin baƙi. Abu ɗaya da bai yi tsada ba shi ne ihu, don haka duk Lahadi unguwa kan kwashe zuwa fili, maza da mata, su yi ihunsu su dawo da sauƙin zuciya ko da an ci su. Kuma ana cin su.

Ferezidan ba ya barin yaransa cikin duhu. Da an tafi hutun rabin lokaci sai ya ture koci Jibirilla gefe, ya hau benci.

"Mes enfants, yarana! Ƙwallo lissafi ce. Na baya su matso gaba, na gaba su koma baya, na tsakiya su watse. Abokin gaba zai ruɗe. Discipline!"

Lallai akan samu ruɗewa. Jawabin kan cinye minti goma sha huɗu cikin goma sha biyar, 'yan wasa su koma fili ba su sha ruwa ba. Da yake kuma mutum ne mai son adalci, in ya ga alƙali ya yi kuskure sai ya busa nasa usur don gyara. 'Yan bayan Guguwa, yara masu ladabi, su tsaya cak. Abokan karawa, da ba su san darajar Ferezidan ba, su wuce su zura.

A tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku. Guguwa ta ci wasa uku a jere. Kulsum mai soya makala, wato fanke, a bakin fili ce ta fara lura cewa rashinsa ne ya kawo sa'ar, ta gaya wa Jibirilla, Jibirilla ya gaya wa kowa. Ferezidan da ya miƙe ya yi bayanin cewa daga kan gado yake aiko da dabaru ta hanyar tunani. Ya dawo fili, aka yi musu huɗu da nema.

Haka aka kai wasan ƙarshe. Don Guguwa ta tsira daga faɗowa, sai ta ci a unguwar Logbaba, kuma sai an ci wata ƙungiya ta Sodiko a gidanta rana ɗaya. In ba haka ba, unguwa ta rasa Lahadinta.

Ranar Juma'a Jibirilla ya ja dattawa biyu zuwa shagon maɓallai, suka rage murya. Suka ce akwai aikin sirri a Sodiko, leƙen asirin abokan gaba, kuma sun duba duk unguwa ba su ga mai kan da zai iya ba sai mutum ɗaya.

Ferezidan ya lumshe ido. "Na daɗe ina jiran ku gane haka."

Ranar Lahadi ya ɓad da kama. Ya sa baƙin tabarau a kan babbar rigarsa mai aska takwas, ya hau bensikin, ya haye gadar kogin Wuri yana ɗaga wa masu tafiya a ƙasa hannu. A Sodiko ya zauna tsakiyar magoya bayansu yana tafa musu don kada a gane shi. Minti goma ya jure. Daga nan ya ga 'yan bayansu ba su da tsari, tausayi ya kama shi, ya fara ba su shawara. Ana saura kaɗan a tashi, babu ci, sai ya ga alƙali ya ƙyale wani laifi. Ya busa. 'Yan Sodiko suka tsaya cak. Ƙwallo ta shiga ragarsu.

An ce rabon Sodiko da ganin gudu irin na wannan mai tunani tun kafin a yi kwalta. Sun raka shi har cikin gonar rogo, ya baro musu takalmi ɗaya da hula.

A Logbaba kuwa Zaidu mahauci ya ci da ka, ko da kunne, har yau ana gardama. Kulsum ta watsa tiren makala sama. Jibirilla ya zauna a taɓo yana kuka. Kafin magariba labarin Sodiko ya iso, New Bell ta cika da ganga da hon, sai ga Ferezidan da ƙafa ɗaya a takalmi. Aka ɗaga shi sama ana yi masa kirari, wannan karon da zuciya ɗaya.

"Mes chers supporters, masoyana," in ji shi daga kafaɗun mutane, "duk yadda na tsara haka ya tafi."

Nan take aka ƙara masa girma: Jakadan Guguwa a filayen abokan gaba, duk Lahadi, har abada. Ya karɓa da hawaye, ya buga kati mai hotonsa.

Shekara biyu yana wannan hidima bai ga Guguwa tana wasa ba. Cikin haka jajayen rigunan ƙungiya suka yage, aka sayo shuɗaye a gwanjo, tsofaffin 'yan wasa suka tafi, sababbi suka zo. Wata Lahadi aka tura shi unguwar Village ya leƙi ƙungiyar can, ba a gaya masa da wa za ta kara ba. Ya tafa mata, ya ba ta shawara, ya busa mata usur. Da yamma ya kawo rahoto shagon shayi, inda koci da 'yan wasa ke zaune.

"An ci Village uku," ya ce. "Wasu 'yan shuɗiyar riga ne, ban ma tsaya jin sunansu ba. Sa'a ce kawai. Ba tsari, ba dabara, kowa ƙwallo kawai yake bugawa. Da gani ka san ba su da shugaba."

Jibirilla ya kurɓi shayinsa. "Wallahi, Ferezidan," ya ce, "ba su da shi."