Wa Ya Fasa Gilashin Ludo?

Akwai wani sirri na gidan Malama Clara da yake ƙaiƙayin harshena tun ranar Talata, kuma yau sai na amayar da shi. Amma ku bari ta sauka daga Keke Napep tukuna, don tun daga Samaru ta taso rungume da allon ludo cikin zani, kai ka ce jariri za ta kai asibitin Shika. A Sabon Gari ta sauka, ƙofar shagon Gregory mai yankan gilashi, ɗan kawunta. Taubasai ne, tun suna yara ba su taɓa gaisawa sun rabu ba tare da an ja wa wani magana ba.

"...lafiya lau muke, kafin ki iso," in ji Gregory, ko ɗagowa bai yi ba. "Baiwata, me kika kawo wa ubangidanki?"

"Ubangidan da ba shi da kujerar ba baƙo? Matsa min benci, ƙafafuna ciwo suke."

"Nauyi ne ya yi musu yawa. Mai Napep ɗin nan na ga yana duba tayarsa."

Ta kwance zanin, ta shimfiɗa allon a kan teburinsa. Gilashin da ke rufe da shi ya tarwatse.

"Na uku ke nan," in ji shi. "Ludo kuke yi a gidan nan ko dambe?"

"Ka san 'yata Winifred. Shekara shida, amma zuciya kamar ta direban tirela. Da an ci mata ɗa sai kuka, sai jifa. Babansu ya ce wannan ne gyara na ƙarshe. In ya sake fashewa, ludo ya bar gidan har abada."

A duk mako, awa ɗayar nan ta ludon ranar Lahadi bayan an taso coci ita kaɗai ce maigidan yake zama a tabarma da yaransa, babu waya, babu rediyo. In ludo ya tafi, ta san kowa ɗakinsa zai shige.

"Ai na yi iya ƙoƙarina," ta ce. "Wata biyu ina bari tana ci na da gangan. In na samu shida sai in ce biyar ce."

"Malamar makaranta guda tana satar faɗuwa! A kai ki gaban hedimasta."

"Kai dai yanka gilashi, ba wa'azi na zo ji ba."

Gregory ya ɗauko ma'auninsa, sai kuma ya ajiye. Ya sunkuya a kan allon, ya bi tsagar da ɗan yatsa a hankali, ya daɗe yana kallo.

"Clara."

"Mene ne?"

"Shekara ashirin ina wannan aiki. Biyun farko da kika kawo, daga kusurwa suka tsage. Haka gilashi yake yi in yaro ya wurgar da allo ƙasa. Wannan kuwa daga tsakiya ya fashe, ya bazu ta ko'ina. Ga ma zagayen gindin kofin girgiza dayis nan, ya fito raɗau. Wannan ba hannun 'yar shekara shida ba ne. Hannun da ya saba tuƙa tuwon mutum goma ne."

"Ƙila babansu ne."

"Mutumin da ko sauro sai ya ba shi haƙuri kafin ya kashe?"

"To ɗana Kingsley."

"Kingsley da iska take ɗauka in ya fito tsakar gida? Faɗi gaskiya, baiwata. Na tuna ranar da kika watsa mana 'ya'yan dara cikin kwata a gidan Kaka, har yau ba a ga guda huɗu ba."

Clara ta zauna sosai a bencin. To, ga sirrin nan da na yi muku alkawari.

"Ɗan ludona na ƙarshe ne," ta ce a hankali. "Saura taki ɗaya ya shiga gida. Kingsley ya cinye shi, ya tashi yana min rawa har da juya ƙugu. Babansu ya fita raka baƙo. Ban san lokacin da na buga kofin ba."

Gregory ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga fuskarta, ya fasa.

"Ka san abin da Winifred ta yi? Ta zo ta dafa min gwiwa, ta ce, 'Mama, kar ki damu, ki ce ni ce. Ai an saba.' Da babansu ya dawo, kafin in yi magana ta riga ta ce ita ce. Ni kuwa na yi shiru. Kwana biyu ke nan abin yana ci na."

Gregory ya jawo sabon gilashi, ya ɗora ƙarfen yanka, ya ja layi ɗaya, ya ɓalle shi ƙas.

"Yarinyar nan," ya ce yana goge bakin gilashin, "faɗuwa iri biyu kawai ta taɓa gani a wurinki. Ta ƙarya, kina murmushi. Da ta gaske, kina fasa kaya. Ba ta taɓa ganin an ci babban mutum da gaske, ransa ya ɓaci, ya haɗiye, ya ce a sake ba. A ina za ta koya? A talabijin?"

"Ji mai hankali. Yaushe ka fara?"

"Ina da shi tuntuni, ajiya na ba shi. Ranar Lahadi ina zuwa Samaru. Zan ci ki a gaban 'ya'yanki, cin da sai an ji labarinsa har unguwar Zabi. Zan yi rawa, ta fi ta Kingsley muni. Ke kuma ki ce, 'Kai, ya yi min ciwo,' ki miƙo min hannu, ki ce a sake."

"In kuma ni na ci ka fa?"

"Sai su ga yadda kyakkyawan mutum yake faɗuwa. Ko ta ina sun ƙaru. Amma kafin nan, yau ɗin nan, ki gaya wa mijinki wa ya fasa. A gaban Winifred."

"Zai yi min dariya har Kirsimeti."

"Ni zan kai Ista."

Clara ta kalli allon, sabon gilashin ya zauna daram. Dariya ta ƙwace mata, ta goge ido da bakin ɗankwali.

"Na ji, ka ci wannan." Ta miƙa masa hannu. "Ya yi min ciwo. Haka ake cewa?"

"Ki rage harara dai."

Ta zaro ƙullin dambun nama daga jaka ta dangwara masa a tebur. "Na yara ne, amma ci, ƙila ka yi kumari kafin Lahadi."

Ta juya za ta naɗe allon, sai idonta ya faɗa kan wani dogon madubi da aka jingine a bakin ƙofa. Cikinsa kuwa ga ni nan tsaf, ni Tosin maƙwabciyarta da na biyo bayanta, na manna kunne a jikin katakon shagon.

"Tosin! Fito na gan ki. Tunda kin ji komai, zo ki riƙe min allon nan zuwa titi. Kuma in labarin ya riga ni isa Samaru, ke ce ta farko da zan ci ranar Lahadi."