Kiran Hajj Bukar Bayan Azahar

Na koyar da lissafi shekara goma sha ɗaya, saboda haka ina da hurumin faɗin wannan magana: rabin masifun da suka taɓa samun ɗan Adam sun faro ne daga mutum biyu da suka leƙa ɗaki ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya ga babu kowa, kowa ya shiga. Sauran rabin kuwa aikin masu ilimi ne da suka tabbatar wa jama'a cewa hakan ba zai yiwu ba. Ni na haɗa biyun a damina ɗaya, kuma ko tsufa ya kwashe mini sunayen 'ya'yana, ba na jin zai kwashe wannan.

Mijin gwaggona, Hajj Bukar, shi ne shugaban wata jam'iyya, wato ƙungiyar ƙananan manoma, a nan Gadarif ta Sudan. Duk shekara kafin ruwa ya zauna sukan raba irin riɗi da na dawa, kuma duk shekara sai an yi rigimar "ni ba a gaya mini ba". Da ya ji na ajiye alli na koma rubuta manhaja, sai ya aika aka kira ni. Ya ce, "Ya ustaz, tunda yanzu ƙarfe kake koyarwa, ka koya masa kiran mutane."

Na yi aikin da yaren kwamfutar da ake kira Rust, kuma babu wanda ya sha jabana, gahawarmu ta nan, da ni a watan nan bai ji labarin ba. Nakan ce wannan yare ba ya yarda hannu biyu su ɓata abu ɗaya, tun kafin manhaja ta tashi zai kama ka. (Mai jabanar ya taɓa tambayata ko a Habasha ake jin yaren. Na yi masa bayanin kusan awa guda, daga ranar bai sake tambayata komai ba.) Na haɗa wata ƙaramar na'ura mai shariha takwas, wato layukan waya takwas, na sa ta a kabad ɗin ofishin jam'iyya da ke bayan kasuwar hatsi. Hannuwa takwas ke nan suna kira a tare, kowa na ɗaukar suna daga jerin manoma. Don kada a dami mutum da kira biyu, sai na ba su abin da littattafai ke kira hash set, irin wanda hannuwa da yawa za su iya taɓawa lokaci guda. Ka ɗauke shi kamar kwando ne da ba ya karɓar lamba ɗaya sau biyu. Dokar da na rubuta mai sauƙi ce: leƙa kwando, in babu lambar ka kira, in mutum ya saurari saƙon har ƙarshe ka jefa lambarsa ciki. Wanda bai saurara ba, gobe bayan azahar a sake nemansa.

Na gwada da lambobi ɗari uku da na ƙirƙira da kaina, kowace daban da 'yar'uwarta. Ko tuntuɓe ba ta yi ba. Hajj ya ɗauki saƙon da muryarsa a wayar sakatare, sakatare ya zuba a na'ura yadda na nuna masa. Ni ban saurara ba. Injiniya ba ya sauraron sanarwar iri.

An kira mutanen cikin gari, an kira na wajen Fau, kowa ya zo ya karɓa. Sai ƙauyukan wajen Basunda suka rage, an sa musu rana can gaba. Kafin ranar ta zo Hajj ya kwanta zazzaɓin kwana huɗu, Allah ya karɓi abinsa. Muka yi zaman makoki, muka watse, na manta da kabad.

Kwana tara bayan sadakar bakwai, Nafisa, babbar 'yarsa, ta same ni a ƙofar gida ko sallama ba ta gama ba.

"Yaya, ka zo ka ga Inna. Amma kar ka gaya wa kowa."

"Me ya faru?"

Ta dubi hanya hagu da dama. "Baba na kiranta."

Gwaggo tana ɗakin takabarta, zaune a ƙasa kusa da angarib ɗin, gadon igiyar da Hajj ya cika a kai, cikin farin mayafi. Mace ce da na sani tana cika ƙofa in ta tsaya. Ranar na ga ƙasusuwan wuyan hannunta. Kwana shida ke nan ba ta ci abin kirki ba sai ruwa da tsakin kunu. Ta rabar da tukwanenta, ta sa an ciro mata likkafanin da ta zo da shi daga Makka an shanya. Wayar marigayi tana cikin wani kwanon sha a gabanta, an rufe da faifai. Limamin unguwa, wanda shi kaɗai aka gaya wa, yana bakin ƙofa da tasbihi.

"Kullum bayan azahar," in ji Nafisa. "In ta katse ya sake kira, in ta katse ya sake, har la'asar. Lambobin ba na kowa ba ne. Na kira su, ba a ɗauka, sai wani shiru kamar ka sa kunne a rijiya."

"To ku kashe wayar mana."

Gwaggo ta ɗago. "In ya kira bai same ni ba fa?"

A nan ne ya kamata in yi shiru. Maimakon haka na gyara zama, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Na yi musu bayanin yadda baƙin ciki ke sa kunne ya ƙago muryar wanda aka rasa. Na kawo misalin wanda aka yanke wa hannu yana jin ƙaiƙayi a yatsa. Na ce watakila wani ne ke neman wani ya yi kuskuren lamba, sauran kuma zuciya ce ta cike. Har na juya ga liman na ce, cikin ladabi irin na masu raina mutane, "Allah gafarta malam, a wannan zamani komai yana da bayani."

Liman ya ce, "Na'am. Saura minti huɗu."

Hadari ya taso tun hantsi, garin ya yi duhu kamar an rufe shi da tukunya, iska ko ganye ba ta motsa ba. Kajin gidan duk sun shige ƙarƙashin rumbu. Muna zaune, sai faifan nan ya fara rawa a kan kwano. Ƙarfe na kaɗawa, zzz, zzz, a ƙasan siminti.

Na ce, "Ku ba ni." Na buɗe, na danna, na sa a bayyane don kowa ya ji kuskurensa.

Da farko numfashi ne. Sai gyaran murya, irin doguwar nan mai hawa biyu da duk Gadarif ta san mai ita. Sannan, a hankali, kamar yana tsaye a bayan labule:

"Salamu alaikum. Bukar ne."

Na ji kujera ta yi ƙara a inda yake.

"Har yanzu ban gan ku ba."

Ban san lokacin da na katse ba. Wayar tana hannuna ta sake ɗauka, wata lambar daban. Na danna don in kashe, yatsana ya karɓa. Gyaran murya. "Salamu alaikum. Bukar ne."

Ana cewa na jefa wayar cikin kwano, na ce "Wa alaikumus salam, Baba, ba ni ba ne." Ban tuna ba, amma shaidu uku sun yi ittifaƙi, ɗaya kuma liman ne. Abin da na tuna shi ne ban bi ta ƙofar gida ba, ta zanan bayan gida na fita, inda babu ƙofa kafin ranar. Ruwa ya ɓalle daidai lokacin. Wanda ya san baƙar lakar garin nan ya san ba a gudu a cikinta, ni kuwa na yi. Ta karɓe mini markub ɗaya, takalmin fatata, ban tsaya ciniki ba. Sai da na kai gindin wata bishiya wajen masu injin niƙa na tsaya, ina karanta duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa.

A nan, ina haki, na ga takarda a hannuna. Nafisa ce ta ba ni tun da na shiga, ta rubuta lambobin da ke kira, na dunƙule ta ban duba ba. Na warware. Ruwa na wanke tawadar, amma ana iya ƙirgawa. Takwas ne.

Akwai tsoron da ke sa mutum gudu, akwai kuma wanda ke sa shi ya zauna a cikin laka. Na zauna.

Da ƙafa ɗaya a takalmi na isa ofishin. Na buɗe kabad, fitilu takwas suna ƙiftawa ɗaya bayan ɗaya. Na buɗe jerin mutanen Basunda: sunaye talatin da wani abu, kowane da sunan uba da na kaka, a gaban kowanne kuma lamba ɗaya tak, lambar Hajj. Haka suke yi tun fil azal. Ƙauyukansu waya ba ta kamawa sai an hau tudu, don haka duk takardar da ta nemi lamba, ta babba ake bayarwa, shi zai aika da saƙo ta bakin direban lori. Kowa a jam'iyyar ya san haka. Ni ma na sani, ai a gidan na girma. Sai dai ranar da nake ƙirƙirar manoma ɗari uku na gwaji, kowanne na ba shi wayarsa, kamar mutanen cikin littafi.

Hannuwana takwas kuwa suna bin doka sau da ƙafa. Kowa ya leƙa kwando, babu lambar, ya kira. Gwaggo ba ta taɓa iya wuce jimla ta biyu ba, don haka lambar ba ta taɓa shiga kwando ba. Rust bai yi ƙarya ba, kwandon lafiyarsa ƙalau, ba a ɓata komai a ciki ba. Da ma kwandon da kansa yana gaya maka, a lokacin da ka jefa lamba, ko kai ne na farko. Da na sa su jefa tukuna, wanda ya riga shi kaɗai ya kira. Yana rubuce a shafin farko na bayanin, wanda na tsallake saboda na masu koyo ne.

Na cire wutar na'urar, na koma. Ta ƙofa na shiga wannan karon. Liman na nan, yana riƙe da markub ɗina da yatsa biyu.

"Ustaz, ga bayaninka ka bari a hanya."

Na durƙusa gaban gwaggo na faɗi komai. Na yi ƙoƙarin sa kwando da hannuwa a ciki don laifin ya ɗan rarrabu, ta ɗaga hannu.

"Tsaya, ɗan nan. Muryar tasa ce ko ba tasa ba?"

"Tasa ce, Gwaggo. Tun yana da rai ya ɗauka."

"Kai ka ji abin da ya ce har ƙarshe?"

"A'a."

"Kai da ka yi abin?"

"Ni da na yi abin."

Ta daɗe tana kallon kwanon. Nafisa na kallona kamar ta ɗauko taɓarya. Can gwaggo ta ce, "Koma ka kunna. Mutum na magana kwana shida ana katse shi. Ba a taɓa yi masa haka ba da ransa."

Washegari bayan azahar muka zauna, mu huɗun. Faifai ya yi rawa. Ita ta ɗauka da kanta, ta ajiye a cinya. Gyaran murya, sallama, "Har yanzu ban gan ku ba." Ta runtse ido. Hajj ya ci gaba: iri ya iso, riɗi ne da dawa, a zo ofis kafin Juma'a. Ya yi tsaki, ya ƙara da cewa kowa ya zo da buhunsa, jam'iyya ba ta raba buhu, wanda ya ari na bara kuma ya san kansa.

Gwaggo ta fashe da wani abu, rabi kuka rabi dariya. "Shi ne wallahi. Buhu!"

Sai wayar ta sake ɗauka, domin sauran bakwai ɗin sun riga sun leƙa kwando kafin lambar ta shiga. Na miƙa hannu, ta buge shi. Ta saurare su duka. A na huɗu ta fara ba shi amsa: "Mun ji, Hajj. Halas, shi ke nan, mun ji." A na bakwai ta ce wa Nafisa ta ɗora mata tuwo, kuma a je gidan Hajja Kande a karɓo babbar tukunyar nan, aro ta ba ta ba kyauta ba. Bayan na takwas wayar ta yi shiru, ba ta sake ba.

Darasin da na ɗauka bai kai girman abin ba. Yanzu in na rubuta manhaja, da sunayen mutanenmu nake gwadawa, da halinsu, kuma duk saƙon da zan tura wa jama'a sai na saurare shi har ƙarshe, ko da na buhu ne. In liman ya ce saura minti huɗu, ina yin shiru na minti huɗun.

Da na je ba sakatare haƙuri kan mutanen Basunda da saƙo bai kai gare su ba, sai ya dube ni da mamaki. Ashe Hajj ya gamu da su a kasuwa tun kafin ya kwanta, ya gaya musu da baki, sun aiko lori ta kwashe irinsu. Ranar da wayar ta fara kira, riɗinsu ya riga ya tsiro.