Dokar Hana Icen Waje

Wani ne a Filinge, irin mutanen nan da in suka ji abu a rediyo sai sun gwada shi a kan iyalinsu. Zamanin soja ne, ba a wuni ba a karanto kominike, wato sanarwar gwamnati, ba. Ran nan yana zaune a fada, wato majalisar abokai, ana shan shayi, sai rediyo ta ce wata ƙasar Turawa ta taƙaita shigo da uraniyom daga waje don ta kare nata na gida.

Ya ce, "Wai mi ne ne uraniyom ɗin ga?"

Sahabi, wanda ya yi shekara goma yana aikin ma'adini a Arlit, ya ce, "Iccen girkin Nasara ne. Da shi suke hura wuta su samu lantarki."

"To don mi za su ƙi na waje?"

"Don na gida shi yi daraja. Kuma kada wata rana mai icce shi yi hushi, su kwan da yunwa."

Gogan naka ko shayinsa bai shanye ba ya nufi gida. Ya tsaya a tsakar gida, ya goya hannu a baya, ya ƙwala wa matarsa kira.

"Muna! Kominike lamba ɗaya. Daga yau iccen waje ba shi shiga gidanga, na Hillani ko na masu amalanke."

"To da mi za ni dahuwa?"

"Da na gida."

"Kurmi gare mu ban sani ba?"

"Ba a gardama da kominike!"

Muna ba ta da yawan magana, kuma irinsu ne abin tsoro. Ta ce to. Da yamma ta zare zanar danga ta tuƙa tuwo. Ya ci, ya suɗe hannu, ya ce, "Kin ji ko? Har ɗanɗano ya bambanta."

Washegari ya kama ta tana karɓar garwashi daga hannun Haske maƙwabciyarsu. Nan take ya fito da kominike lamba biyu: ba garwashin maƙwabta, ba ashana, tunda ita ma daga Nijeriya take zuwa.

Muna ta ce, "In wutar ta mutu hwa?"

"Kada ta mutu!"

Ai kuwa ba ta mutu ba. Wutar da ba a bari ta huta kuwa ta fi baƙon azumi ci. Ta cinye sauran danga, ta cinye ƙyauren ɗaki da ƙotar hauya. Ran Juma'a ta cinye gado. Mutumin ya koma tabarma yana cewa kishin ƙasa sai da haƙuri.

Ran Lahadi, ranar kasuwa, aka aiko cewa surukinsa Malam Mamman, mahaifin Muna, ya taso daga Sanam, kuma a gidan zai ci abincin rana. Duk duniya ba wanda mutumin nan yake jin kunya kamar tsohon. Ya yi maza ya yanka zabo.

"Muna, mi ya rage?"

"Turmi, sai jinkar rumbu."

"Sa su duka! Baba ba shi cin ɗanyen zabo gidana."

Zabo ya dahu lugub. Rumbu na zaune ba hula, awakin unguwa sun shigo ta ko'ina suna ta hidima da hatsi.

Malam Mamman ya iso. Ya zagaya sau biyu yana neman ƙofar da zai tsaya ya yi sallama, bai samu ba. Daga titi yana hango 'yarsa da tukunya da surukinsa a kan tabarma. Ya dafe kai ya yi salati.

"Subhanallahi! Yaro, gobara kunka yi ba ku aiko ba?"

Gogan ya miƙe, ya gyara hula, ya buga ƙirji.

"Wace gobara, Baba? Mu munka ƙone abinmu da kanmu, kuma ko tsinke guda na waje bai shiga ciki ba!"