Mai Lasar Buzuzun Fir'auna

Allah Ya yi wa garin Luksor baiwa iri-iri. Ga kogi, ga rake, ga kaburburan sarakunan da suka ƙi ƙarewa duk da tonon da ake yi musu. Amma in ka tambayi Ustaz Dardir Abul-Magd, mai shagon kayan tarihi na bakin kogi, zai gaya maka, cikin tawali'un nan da aka san shi da shi, cewa babbar baiwar garin a cikin bakinsa take. Harshensa yake nufi.

A zamanin nan na jar dara da keken doki, Turawan da ke zuwa shan rana lokacin sanyi ba abin da suke mutuwa a kansa kamar buzuzu, 'yan layun nan na shuɗin tangaran da mutanen dā suke yi da siffar ƙwaron, su zana hatimin sarki a ƙasansa. Matsalar ita ce na jabu sun ninka na gaskiya. Sauran 'yan kasuwa sukan sa gilashi su duba, su ƙwanƙwasa, su buɗe littattafai. Ustaz yana kallonsu da tausayi. Shi lasa yake yi.

Sai ya ɗauki buzuzu da yatsu biyu, ya ɗaga ƙaramin yatsa sama, ya lumshe ido, ya zaro harshe ya shafa masa daga kai har ƙasa. Ya yi shiru yana mamular baki. In ka yi tari a lokacin, ka ɓata masa daula guda.

"Ido maƙaryaci ne, yallaɓai," in ji shi. "Gilashi kuwa na masu rauni ne. Tsufa ɗanɗano gare shi. Akwai ɗan tsami a farko, sai ɗaci-ɗaci a tsakiya, sai wani irin ƙamshi da ke tasowa ta hanci daga baya. Wannan ba a koyar da shi a makaranta. Haihuwar mutum ake yi da shi. Mu biyu ne a duniya, ɗayan ya rasu."

Ba a taɓa jin sunan ɗayan ba.

Mutanen kasuwa suka laƙaba masa Harshen Fir'auna don shaƙiyanci. Ya ɗauka girmamawa ce, ya sa aka rubuta a allon shagonsa da ruwan zinariya. Tun daga nan harshen ya zama amanar ƙasa. Ba ya shan shayi sai ya huce. Ba ya cin barkono. In zai aika saƙo gidan waya, matarsa Sitti Wahiba ce ke lasar kan sarki. An taɓa kiransa ba da shaida a kotu ya nemi a taƙaita tambayoyi, wai kada a gajiyar da kayan aiki.

Abin da ya fi tsana a duniya shi ne mutanen ƙetaren kogi, ƙauyen su matarsa. Can ake ƙera na jabun, kowa ya sani. Su gasa buzuzu a tanda ya fito sabo fil, sai su ɗura wa talotalo ya haɗiye. Ƙundun tsuntsun ya goge shi, ya dushe ƙyallin, ya cinye kaifin gefen, in ya fito ta inda abinci ke fita sai ka rantse daga kabari aka ciro shi. Ustaz ya san labarin, yana kuma ba Turawa shi yana tofar da yawu.

"Da irin wannan suke cutar marasa harshe. Ni? Daga bakin ƙofa zan ji shi. Shi ya sa ba mai kawo mini sai zaɓaɓɓe."

Kuma lallai kullum da safe 'yan ƙetaren suna layi a ƙofarsa, cikin ladabi, kowa da ɗan ƙullinsa a tsumma, ba mai kallon idon ɗan'uwansa.

Abu ɗaya ke ci masa rai. Luksor ta yi masa kaɗan. Harshe irin wannan a ce yana zaune cikin masu jakuna da masu sayar da wake! Alƙahira yake so, ya sa kwat, a kira shi Bey kamar manyan birni, ya riƙa shiga gidajen da ke da mai gadi. Wannan burin ya hana shi sakat, har ramewa yake yi a kansa.

Sai ga Rifat Basha ya sauka a garin, wani dattijon attajirin auduga mai tara kayan tarihi, wanda dillalai suka sha yi wa sakiyar da ba ruwa. Labari ya bazu cewa yana neman masani da zai tafi da shi Alƙahira ya riƙa tantance masa kaya kafin ya saya. Ustaz bai tsaya jiran a kira shi ba. Ya tare shi a farfajiyar masaukinsa, ya yi masa huɗubar tsami da ɗaci har gahawar Basha ta yi sanyi. Basha, don ya samu ya tsira, ya yarda zai zo cin abincin rana, zai kuma zo da ɗan abin da za a ɗanɗana.

Gida ya ɗauki zafi. Aka aro kujeru, aka goge faifan tagulla, aka rataye hoton Ustaz inda baƙo zai zauna yana fuskantarsa.

"Ummu Ramzi," in ji shi ga matarsa, don da sunan ɗansu suke kiran juna, "tantabaru ba za su yi ba. Talotalo nake so, ƙato, irin wanda ake ci a fada."

"Ina zan samo ƙaton talotalo yau-yau, Abu Ramzi? Sai dai wajen Yaya Nubi, a ƙetare."

"Kada ki ambata mini sunan wannan mutumin. Ki samo kawai."

Ta samo, wajen wanda aka hana ta ambata.

Basha ya iso da sandarsa da tumbinsa, aka zauna. Tsohuwar mai aikin gidan ta riƙa shigo da kaya: miyar lalo, shinkafa, gurasa, sai talotalon nan a gashe yana ƙyalli. Ustaz bai ci komai ba sai ruwa, yana tanadin harshe. Ya tashi ya shiga ciki ya kuskure baki, kamar yadda ya saba kafin babban aiki. Da ya dawo sai ya ga wani ɗan faranti a gefen hannun Basha, da buzuzu uku a ciki, shuɗaye, a dushe, da ɗan danshi a jikinsu.

Murna ta kama shi. Jarrabawar ta zo. Bai jira an ce bismilla ba, ya miƙa yatsu biyu, ƙaramin ya tashi sama.

Ya lasa. Sai ya dafe ƙirji.

"Allahu akbar! Ranka ya daɗe, ina ka samo wannan?"

Basha ya buɗe baki, amma akwai cinyar talotalo a ciki.

"Kada ka faɗa, bari harshe ya faɗa. Shekara talatin ina lasa ban taɓa jin mai ƙarfin wannan ba. Tsamin nan! Ɗacin nan! Ai wannan har da ɗumi, kamar sarkin yanzu ya cire shi daga wuyansa. Daula ta goma sha takwas ce, ba ko tantama. Kabari mai zurfi, mai duhu, wanda iska ba ta taɓa shiga ba." Ya ɗauki na biyu ya jefa baki gaba ɗaya, ya tsotsa kamar alewa, hawaye na taruwa a idonsa. "Wannan na sarauniya ne. Ya fi laushi."

Basha ya haɗiye namansa. "Ustaz, ai waɗannan ba nawa ba ne. Na ɗauka naka ne. Ga nawa nan."

Ya zaro ɗan akwati daga aljihun ciki, ya buɗe. Buzuzu ɗaya ne a kan auduga, wanda aka tono a gonar mahaifinsa, masanan gidan tarihi kuma suka duba suka ce na gaskiya ne. Basha bai faɗi wannan ba tukuna. Ustaz ya tofo na sarauniya a tafin hannu, ya karɓi wannan, ya lasa, ya yamutsa fuska.

"Kash. An cuce ka, ranka ya daɗe. Lami. Ba tsami, ba ƙamshi, sai ka ce mutum ya lashi kofi. Wannan bai kai wata guda da fitowa daga tanda ba. Aikin 'yan ƙetare ne, na san hannunsu."

A daidai nan muryar Sitti Wahiba ta taso daga bayan labule. Mace ce da ta tashi a ƙauyen da ake hira daga wannan gona zuwa waccan, ba ta iya raɗa ba.

"Abu Ramzi! Ka ga 'yan abubuwan nan da na aiko a faranti? A ƙundun talotalon na same su. Kada ka bari su ɓata, na Yaya Nubi ne, ya manta tsuntsun yana bakin aiki ya ba ni shi. Na so in wanke su da sabulu, sai na tuna ya ce kai ba ka son a wanke su sosai, in an wanke ba ka saya."

Ƙaramin yatsan Ustaz, wanda ke tsaye a sama, ya sauko a hankali ya bi sahun 'yan'uwansa.

Basha ya dubi faranti, ya dubi ƙashin cinyar da ke hannunsa, ya dubi bakin Ustaz. Sai tumbinsa ya fara rawa. Ya yi dariya har jar dararsa ta faɗi cikin miyar lalo, ya yi tari, ya sha ruwa, ya sake sabuwa. Ustaz kuwa ya ji duniya ta yi masa zafi. Ya hango Alƙahira tana tafiya, da kwat ɗin, da mai gadin, da komai. Sai ya gyara murya don ya ceci abin da ya saura.

"Ranka ya daɗe, ai shi buzuzu tun asali ƙwaro ne mai hulɗa da irin wannan wurin. Saboda haka a ilmance..."

"Tsaya, Ustaz, kada ka kashe ni," in ji Basha yana share hawaye. "Wallahi ban taɓa ganin harshe mai gaskiya irin naka ba. Biyu na jabu ka lasa, ka kama su duka. Ɗaya na gaske, ka ware shi. Masanana na Alƙahira rabi suke ci, rabi su faɗi, kai kuwa ba ka kuskure. Na ɗauke ka. Duk abin da dillali ya kawo, kai za ka fara lasa. In ka ce lami ne, in saya. In ka fara kuka kana kiran sarauniya, in sa a kore shi."

Wani zai ce ya gode, ya fi ƙarfin wannan aiki. Ustaz ya tambaya ko za a ba shi kwat.

Ranar tafiya rabin kasuwa ta raka shi tashar jirgin ƙasa, har da 'yan ƙetare, waɗanda suka yi baƙin ciki na gaske, don sun rasa babban mai sayensu. Ustaz ya leƙo ta taga, ya ɗaga hannu aka yi shiru.

"Jama'ar Luksor, ku yi haƙuri da rashina. Ƙasa ce ta kira. Ku sani, daga yau ba abin da zai shiga gidan Basha sai ya bi ta kan harshen nan."

Aka tafa masa. Sitti Wahiba tana zaune a gefensa cikin jirgin, tana ɗaure wa kofinsa jan zare a hannu don kada ya haɗu da nata.