Takalman Yaran da Ba a Haifa Ba

Abin da ba zai taɓa fita daga raina ba shi ne ranar da na tara dukawan unguwarmu gayya, muka ɗinka wa na'ura takalma.

Ni baduku ne. Kakana ya zo Mubi daga yamma da basillarsa, a nan aka haife ni. Ban yi boko ba, amma ina gane lamba. Da masu bindiga suka shigo gari, na cusa jar fatar da na fi ji da ita cikin durom, na binne a bayan gida, muka bi daji ta wajen Sorau. Da muka dawo, shago toka ne. Ƙanena bai dawo ba. Durom ɗin yana nan.

Fatar nan ita ce duk abin da ya rage min. Da ita zan tashi, ko kuma in zauna.

Dija, 'yar ƙanen nawa, ita ta ce kasuwa ta mutu amma intanet bai mutu ba. Ta buɗe min shago a can, ta sa hotunan takalmana. Mutum ya zaɓa, a aika masa, ya biya in kaya sun iso. Ta miƙo min waya ta ce in gwada shiga kamar mai saye.

Sai wani akwati a fuskar wayar ya tare ni. Hotuna ne ƙanana, wai in taɓa duk wanda ke da gada. Na taɓa. Ya kawo wasu. Na sake taɓawa, ya sake kawowa. (Babban yatsana ya yi kanta saboda basilla, gilashin waya ba ya jin sa.)

"Mene ne wannan?"

"Shinge ne, Bappa. Yana tantance ko kai mutum ne."

"To me ya ce?"

Ta kau da kai. "Bai gamsu ba tukuna."

Na ajiye wayar. Na sha shinge a rayuwata. Na ɗaga riga, na ɗaga hannu sama, an tambaye ni ko ni wane ne a ƙofar garin da aka yanke min cibiya. Ba zan yi wa mai sayen takalmina haka ba. A gidanmu, baƙo ya shigo shago, kujera ake ba shi.

"Cire shi."

Ta ce akwai wasu abubuwa da ake kira bot, ba mutane ba ne, manhaja ce wasu ke saki tana bin shafuka tana cike oda ta ƙarya. Na ce wanda ba shi da ƙafa me zai yi da takalmi? Ta buɗe baki, na ce ni ne a madadin ubanta. Ta cire. Ta koma Yola wurin aikinta, ta bar min waya da za ta yi ƙara duk lokacin da oda ta shigo, ta nuna hoton takalmi da lambarsa.

Ba a jima ba waya ta fara kuka. Ina alwala, kuka. Ina cin tuwo, kuka. Na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in leƙa durom, in dawo. Ban taɓa ganin ciniki haka ba, ko kafin tashin hankali.

Abu ɗaya ya ɗan tsaya min. Duk odar lamba ɗaya ce, mafi ƙanƙanta, ta yaron da ya fara tafiya. Na yi tunani, na ba kaina amsa: an koma gida, hankali ya kwanta, mutane na ta haihuwa. (Akwai rubutu a ƙarƙashin hotunan. Da na nuna wa kowa, da ya karanta min. Ba na son tambaya.)

Na fito da fatar duka. Na yanka. Fatar da za ta yi takalman manya masu daraja, na mai da ita 'yan gutsattsari kamar ganye. Hannu biyu ba za su iya ɗinkin ba, sai na kira gayya. Na sa aka dafa shinkafa. Dukawa suka cika tabarma, har da Malam Buba, abokina tun ƙuruciya, wanda bakinsa ya fi wuƙarsa kaifi.

"Wai daga cikin waya duk wannan?" in ji shi.

"Daga ciki. Ku kuna jiran mai wucewa, ni duniya nake sayar wa."

Haka na faɗa. Kowa ya ji.

Muna tsaka da ɗinki da hantsi Dija ta sauko daga mota. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tulin takalma. Buba ya ce, "'Yata, zo ki karanta mana sunayen masu arzikin nan, mu san wa muke yi wa aiki."

Ta karɓi wayar. Ta daɗe tana ja da yatsa.

"Bappa, mu shiga ciki."

"Karanta a nan."

"Wannan ba suna ba ne. Kamar kaza ce ta taka madannai. Na biyu ma haka. Adireshinsu ɗaya, kuma babu garin. Lambar wayarsu tara ce zalla daga farko har ƙarshe."

"Lambar takalmin fa?"

"Ita ce ta farko a jeri. Abin da suka fara tararwa shi suke dannawa." Ta rage murya. "Akwai mutum ɗaya na gaske, ango ne daga Gombe. Ya turo saƙo, shafi ya nuna masa kaya sun ƙare. Ya saya wani wuri."

Basillu suka tsaya. Ba wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi kallo ciwo. Buba ya ɗaga takalmi ɗaya a tafin hannunsa, ya juya shi.

"Ɗinki dai ya yi kyau," ya ce. "In aljanun sun yaye yaransu, za su zo."

Aka fashe da dariya. Wani har ya ƙware da shinkafata. 

Dija ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta zauna, ta ɗauki basilla, ta ce a ƙarasa tunda an yanka. Da yamma na miƙa mata wayar.

"Mayar da shingen."

"Ko zai tare ka, Bappa?"

"Ya tare."

Na gane ba kowane mai tsayar da kai a ƙofa ne ke wulaƙanta ka ba. Wani, gadin kayanka yake yi.

Ina nan Mubi, a sabon shago kusa da inda tsohon ya ƙone. Fatar da nake aiki da ita yanzu ba ta kai waccan ba. Waya takan yi kuka jefi-jefi, kuma duk wanda ya turo oda yana da ƙafa. Ƙananan takalman suna rataye a igiya. Duk gidan da aka yi suna a unguwa, ina kai ƙafa biyu. Har yau igiyar ba ta yi rabi ba, kuma har yau akwatin nan bai yarda ni mutum ne ba.